Adadin da Na Karanta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da yara. Wayata na hannun masu feshin maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa kika ga takarda.

Na sha ɗauko wa gidan rediyonmu rahoton annoba, amma wannan daban ce. Makarantar firamare aka mayar asibiti, gadaje a jere ƙarƙashin allo, ko lissafin yara ba a goge ba. Wata tsohuwa ta riƙe min riga, wai in faɗa a rediyo ɗanta ya zo ya ɗauke ta. Kafin in kunna rikoda ta cika, ban ji sunan ɗan ba. Tun ranar, in na zauna tace muryoyin da na naɗa sai in ji ana jan rigata. In na waiga, ba kowa.

Ki gaishe min da Baba.

Ƙanwarki

Auta,

Mun ga saƙonki, Allah ya tsare. Tun kina ƙarama ba kya jin magana, ai ga shi nan.

Baba na ɗan zazzaɓi, kada ki ɗaga hankalinki. Rediyo na kan matashinsa. Da an sako ki sai ya ce, "Ku yi shiru, likitar baki za ta yi magana." Ki dawo gida haka nan.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zan iya zuwa ba, an killace ni saboda tsohuwar nan ta taɓa ni. Daga ɗakin da aka sa ni nake naɗar rahoto a rikoda, a zo a karɓa. Don Allah ki ware wa Baba kofinsa, ki hana yara shiga wurinsa, ku kai shi asibiti yau. Yau, Yaya.

Ƙanwarki

Auta,

Sai haƙuri. Mun kai shi, kwana biyu ya yi. Ma'aikatan lafiya masu fararen kaya ne suka sa shi a makwancinsa, mu muna tsaye daga bakin ƙofar maƙabarta. Ya ce kada a faɗa miki sai kin gama aikinki. Na kasa ɓoye miki.

Allah ya jiƙansa, ya ba mu dangana.

Yayarki

Yaya,

Amin. Da safe aka turo min daga ofis adadin waɗanda suka rasu a makon nan, na karanta wa masu sauraro, na san Baba na ciki. Edita ya aiko yana yabona, wai muryata ko rawa ba ta yi ba.

Abin da ke ba ni tsoro ke nan, Yaya.

Ku huta lafiya.

Ƙanwarki