Jar Takarda a Shagon Kawu

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya, ke da Baba da su Talatu. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu.

Aiki yana nan. Da an ce shara da dafa shayi zan yi a ofishin masu karɓar haraji. Yanzu Oga ya ce in dinga bin ma'aikata kasuwa, ni ce mai manna jar takarda a shagon da bai biya ba, wai ba za a daki yarinya mai hijabi ba. Ba sa duka, Inna, amma suna ja min Allah ya isa. Ranar da ba a tara kuɗi da yawa ba kuma, a albashinmu ake cirewa.

Ran Laraba a Ƙofar Wambai aka nuna min shagon Kawu Ashafa, wanda nake kwana a gidansa. Na ce wa Oga kawuna ne. Ya ce, "A nan babu kawu. Ki manna ko ki tafi gida." Na durƙusa na gaida Kawu. Shi ya riƙe min takardar, ya ce, "Manna da kyau, Hajo, kada su kore ki."

Har yau shagon a rufe yake, bai kuma yi min maganar ba. Matarsa tana zubo min tuwo kamar kullum, ni kuwa sai in ɗan taɓa in rufe kwanon.

Don Allah ki roƙar min Baba ya bar ni in dawo, ni ba zan iya faɗa masa ba. In ya ce in zauna, zan zauna. Allah ya ƙara miki lafiya. Ki yafe min, Inna, ƙaninki ne.

'Yarki,
Hajo