Gilasan Wasila a Kan Rufin Kwano

Zuwa ga ƙanena Abdulmajid,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Lailatu da yara. Allah Ya sassauta muku sanyin ƙasar Turawa, mu kuma Ya ba mu ikon jure wa 'yan'uwa. Nan unguwarmu ta Jega Firchin kowa lafiya, in ka ɗebe ni da 'yarka Wasila.

Ka tuna ruwan da ka aiko mata don binciken kammala digirinta, wanda ake haɗawa da wani danƙo a zuba tsakanin gilasai biyu. In ya daskare gilashin ya yi fari kamar nono, in an ba shi lantarki ya washe. Ta karantar da ni cewa sirrin yana wurin daskarewa. A hankali, ƙarƙashin fitila mai rauni, ɗigon ruwan kan fito manya, wuta kaɗan ta juya su. Da gaggawa kuwa sai su tsuke, su ƙi jin magana.

Ta kawo aikin gida saboda muna da sola, ta jera gilasan a ɗaki mai duhu ta tafi ɗauko fitilar. Sai ga Yaya Mudi daga Aliero, shehin malamin shanya na wannan zamani. Ya leƙa, tausayi ya kama shi. Ya ce tun yana yaro yake shanya albasa, bai taɓa ganin mai hankali ya yi shanya a ɗaka ba, alhali ga rana kyauta. Ya kwashe su duka ya baza a kan kwano da tsakar rana, har yana juya su don kada wani gefe ya yi ƙorafi.

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wasila ta ba su wuta har inda na'urarta ta ƙure, ko gezau. Ruwan ya ƙare, watan gobe za ta tsaya gaban malamanta, rabonta da abincin kirki tun ranar. Na tunkari Yaya da fushin da girmansa ya halatta mini, ya amsa cewa ai sun bushe, kuma ba wanda ya ce masa sannu.

Don Allah ka aiko wata kwalbar da gaggawa, ta hannun kowa ban da shi.

Aminatu da Shamsuddeen suna gaishe ku. Yaya Mudi ma yana gaisuwa. Ya mai da gilashi ɗaya marfin kofin shayinsa, ya ce yana hana ƙuda, in za ka aiko a ƙaro masa mai faɗi.

Wassalam. Yayanka mai haƙuri bisa tilas,
Rufa'i