Ƙararrawar Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya maiɗakinka da jaririya? Allah Ya raya mana ita.

Ga tsohuwar wayata na ba direba ya kawo maka. Na naɗe ta cikin safar da na saƙa, don bayanta ya kumbura, ko a tebur ba ta zama sai lilo. A cikinta ɗana Auta, abokinka, ya saka min manhajar shan magani da ya haɗa da kansa, wata huɗu kafin Allah Ya karɓi abinsa. Kullum ƙarfe takwas na safe sai ta yi ƙara ta rubuto, "Mama, maganin hawan jini. Kar ki ce sai kin gama shara." In na danna "Na sha" sai ta ce, "Yauwa, 'yar gari." Duk duniya shi kaɗai ke min wannan rashin kunyar.

Yayarsa ta sayo min sabuwa. Mai gyaran waya na bakin titi ya ce tsarinta daban ne, manhajar Auta ba za ta zauna a ciki ba, wai kamar a saka wa keke tayar mota ne. Ni ban gane ba. Abin da na gane shi ne, ranar da tsohuwar ta mutu, maganarsa ta tafi. Ka duba min, don Allah.

Mamanku.

Mama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jikarki ta fara juyi.

Ki kwantar da hankalinki. Ni da Mai Gilashi, abokinmu na ofis da ke cinye miki gyaɗa in mun zo, mun zauna a kanta ranar Asabar. Rabin wunin a gardama ya ƙare. Ni na ce sabon tsarin da ya fito watan jiya ya fi tsohon sauri da tsabta, ranar da ya fito na saka shi. Shi ya ce tsohon gida ne aka yi wa fenti aka sauya wa ƙofa wuri don mutane su riƙa buga goshi. Ya so a yi wa tsohon tsarin ɗan ɗaki a cikin sabuwar wayar, ya zauna kamar ɗan haya. Na ce a'a, a sake rubuta manhajar da hannu. Da Auta na nan da ya raba mu, yana zagin mu duka biyu.

Ni na ci. Saƙonninsa arba'in da ɗaya duk na kwashe, ko wasali ban taɓa ba. Kuskure ɗaya kawai na gyara: ranar Talata takan yi ƙara sau biyu, takwas da kuma takwas da minti bakwai, da saƙo iri ɗaya. Na cire na biyun. Mai gyaran wayarku zai saka miki, na tura masa.

Ɗanki, Dogo.

Ɗana Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku.

Ta yi. Da ta ce min "'yar gari" a sabuwar wayar, sai da na kira maƙwabciyata ta zo ta gani da idonta. Muka yi dariya, na ɗan yi kuka, muka sake dariya.

Batun sabon tsarinku kuma, ka faɗa wa Mai Gilashi ina bayansa. Sai wayar ta kalli fuskata take buɗewa, in ban saka tabarau ba ta ce ba ta san ni ba. Shekara sittin da uku ina yawo da fuskar nan, ba wanda ya taɓa musa min ita. Amma rubutunta manya ne, wannan na yaba.

Sai abu ɗaya. Ranar Talata na zauna a bakin gado da jakar zare a cinya, ina jiran ƙara ta biyu. Har takwas da rabi ina zaune. Dogo, na san kuskure ne. Kuskuren ɗana ne, ina son abina. In ba wahala, ka mayar min.

Mamanku.

Mama,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Mai Gilashi ne. Dogo na gefena, kunya ta hana shi riƙe biro.

Masu irin aikinmu kan bar wa juna 'yan bayanai a cikin manhaja, waɗanda mai waya ba ya gani. Dogo ba ya karanta su, kamar yadda ba ya karanta takardar magani. Na koma tsohuwar wayar, na samu Auta ya rubuta wannan a saman ƙarar Talata:

"Kar wani gwani ya gyara wannan. Talata Mama ke zuwa sarin zare. Tana sauri, takan danna 'Na sha' alhali ba ta sha ba. Minti bakwai ke kai ta bakin ƙofa."

Mun mayar. Na kuma gwada ta a tsari uku daban-daban, ta yi aiki a duka, don haka kowace waya aka sayo miki nan gaba za ta zauna. Dogo ya ce albarkar sabon tsari ce.

Naki, Mai Gilashi.

'Ya'yana biyu,

Ina gaishe ku.

Yaron nan Auta ƙarya yake min, ban taɓa yin haka ba. To, ba kullum ba.

Jiya Talata na makara, na danna "Na sha" na ɗauki jaka. Ina saka takalmi a bakin ƙofa ta kama ni. Na koma na sha, ina dariya har ruwa ya sarƙe ni.

Kar wanda ya faɗa wa yayarsa. Allah Ya ji ƙan Auta, ku kuma Ya tsare min ku.

Mamanku.