Ƙofar Bayan Gini na Shida

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na rubuto ne saboda kin san kunnena da waya, rabin magana nake ji, wannan kuwa ba na so a ji rabinta.

Akwai tallafin da aka ware don gyara wa masu tafiya a ƙasa hanya a kusa da gidaje masu sauƙin haya irin naku. Ofishinmu na hanyoyi zai nema wa rukuninku abu uku: wurin tsallaka babban titi mai fitilar ba da hannu, rumfar jiran bas, da daɓen gefen titi. Ni aka ba zanen taswirar. Wuri ɗaya tak ake ba kowane rukuni, kuma ba a sake buɗe nema sai bayan shekara biyar.

Watan jiya mun aiko ma'aikacinmu ya yi kwana uku yana ƙirga masu tsallakawa. A babbar ƙofa ya samu mutum ɗari takwas a kowace rana, a sauran tsawon shingen da ya kewaye rukunin kuwa ko mutum ɗaya babu. Saboda haka a babbar ƙofa na zana komai.

Abin da ya rage shi ne takardar goyon baya daga ƙungiyar 'yan haya, wadda ke ce sakatariyarta. Ga ta nan haɗe, ki sa hannu ki ba maigidanki ya biyo min da ita. Juma'a ta sama ake rufewa, ƙarfe huɗu. Kada ki yi halin nan naki ki ɗora ta kan firji.

Ki gaishe da Inna da kyau.

Yayanki

Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna da sauƙi, tana sa maka albarka. A gaishe min da Anti. Takarda ta iso, ban ɗora ta kan firji ba, ban kuma sa hannu ba. Ka samu kujera ka zauna kafin ka ci gaba.

Mutumin nan mai riga ruwan ɗorawa, mai ɗan abin dannawa a hannu, ashe naku ne? Haba Yaya! Me ya hana ka faɗa min zai zo?

Mu fa ba ta babbar ƙofa muke fita ba. Bayan gini na shida akwai inda shingen waya ya yanke, ƙofar baya muke ce masa. Daga nan zuwa titi taku talatin ne, kuma direbobin bas sun saba tsaya mana a can. Babbar ƙofa kuwa ni da ƙafata kwatan awa nake yi kafin in kai, Inna sai ta yi minti arba'in da hutu biyu. Kai ba za ka sani ba, da mota kake zuwa, maigadi ya ɗaga maka ƙarfe ka wuce.

Mai askin rukuninmu ne ya fara hango mutumin naku yana zagaya shinge yana rubutu. Ya zo min a guje, almakashi a hannu, ya ce manajan gidaje ya turo ɗan leƙen asiri. Ka san sharaɗi na goma sha huɗu a takardar hayarmu: duk ɗan hayar da ya ɓata shinge, ya tattara nasa ya nasa. Nan take na tara kwamiti. Muka jingina tsohuwar wadirof a wurin, muka ɗaura igiya muka shanya barguna, sannan na bi gida-gida na ce kowa ya bi babbar ƙofa sai mutumin ya tafi. Ni na yi wannan, ba wani ba.

Kwana uku muna zagayawa kamar mutanen kirki, har gaishe shi muke yi. Mai guga har ruwan sanyi ya kai masa. Inna kuwa tasi muka ɗaukar mata zuwa asibiti. Ranar da ya naɗe kujerarsa ya tafi, wallahi har tafawa muka yi don murna mun yi masa wayo.

Yanzu ga shi wayon ya dawo mana. In aka kafa fitilar nan a babbar ƙofa, ita da maigadi za su riƙa kallon juna, mu kuma mu ci gaba da tsere da motoci a bayan gini na shida. Kunya ta ishe ni, kada ka ƙara min. Ka dai faɗa min yadda za a yi.

Ƙanwarka

Alhamis

Auta,

Bayan gaisuwa. Sau uku na karanta takardarki, ina fata ban fahimta ba.

Wato Inna, a kan hanyarta ta zuwa wankin ƙoda, sau uku a mako, tana ratsa layin motoci huɗu a inda babu fitila babu alama, kuma a cikinku babu wanda ya ga ya dace in sani. Ni kuma ina zaune a ofis ina zana wa wasu unguwanni wurin tsallakawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Zan bar maganar a nan saboda lokaci.

Na yi wa shugaban sashenmu bayani. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yarda a sake ƙirga ranar Litinin da Talata. Ga abin da nake buƙata kafin Juma'a.

Na ɗaya, ku kawar da wadirof da barguna, kowa ya bi inda ya saba bi. Kada ki shirya min wani sabon wasan kwaikwayo, ba ƙari ba ragi.

Na biyu, ki ɗauki hoton wurin, har da inda ciyawar tsakiyar titi ta mutu saboda taku.

Na uku, kuma shi ne babba: masu tallafi ba za su biya kuɗin wurin tsallakawar da zai ƙare a jikin shinge ba. Dole manajan gidaje ya rubuta cewa ya amince a yi ƙofa ta gaskiya a wurin. In babu wannan takarda, taswirar babbar ƙofa zan miƙa, don ba ni da wata.

Ki je ki same shi gobe. Ki tafi da ladabi, ki bar bakin nan naki a gida.

Yayanki

Lahadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na je wurin manaja, kuma na bar bakin a gida kamar yadda ka ce.

Ka san me? Ya san da ƙofar baya! Shi ma ta nan yake fita sayen abincin rana. Ya ce da ransa yana son a yi ƙofar. Amma duk takardar da ya sa wa hannu mai ambaton yankakken shinge, masu gidajen za su gani, kuma dokarsu ita ce sai an haɗa da rahoton wanda ya yanke, da sunansa. In ɗan haya ne, notis na wata uku. Na ce ya rubuta ba a sani ba. Ya ce in ya rubuta haka za su turo a toshe wurin da bulo, su buɗe bincike, binciken nasu kuwa ba ya ƙarewa a ƙasa da wata shida. Juma'a kuma saura kwana biyar.

Jiya muka yi taro a gindin bene. Na karanta musu sharaɗin, kowa ya koma kallon takalminsa. Ban ga laifinsu ba. Shekara nawa kowa ya yi a layi kafin ya samu ɗaki a nan? Sai Inna ta ɗaga sandarta ta ce a rubuta sunanta, wai ita ta kusa gama zaman haya ko ta wane hali. Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, na shiga ɗaki na yi kukana.

Yaya, na so in yi shiru, amma ba zan iya ba. Ka tuna ranar da muka kawo Inna gidan nan, shekara huɗu ke nan? Motar kaya ta lalace a bakin titi, hadari ya haɗo, gadon Inna na asibiti yana sama. Ka ce ba za ka zagaya da shi har babbar ƙofa ba. Ka buɗe but ɗin motarka ka ɗauko almakashin yankan waya mai jan hannu. Ni na riƙe maka wayar kana yankewa. Da muka gama ka ɗaure wurin da guntun waya ka ce shi ke nan, babu wanda zai lura. Ɗaurin naka bai yi mako ba.

Shi ya sa ban taɓa faɗa maka ba. Inna ta ce kada a tayar maka da hankali, kai ma'aikacin hukuma ne, kana da suna. Ba cewa nake ka yi wani abu ba. Na san abin da zai biyo baya in aka ji mai zanen taswira shi ya yanke shingen da yake nema wa ƙofa. Amma ka yi fushi an ɓoye maka, ga dalilin.

Ƙanwarka

Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Kwana uku ban ji daga gare ka ba. Maigidana ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka sa a aljihu.

An sake ƙirga. Mutum ɗari bakwai da sittin a ƙofar baya, arba'in da ɗaya a babbar ƙofa. Ban shirya komai ba, na rantse. Mai aski ne kawai ya ga dama ya tsallaka sau goma sha ɗaya, har mai ƙirgar ya ce masa, "Malam, na gane ka fa, ko ka canza hula." An cire nasa. Ga hotuna nan a cikin ambulan.

Yau da safe ni na raka Inna. Mun tsallake layi biyu, muka maƙale a tsakiya. Minti tara muna tsaye, na duba agogo. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta kusa kayar da Inna, ta damƙe hannuna har yanzu da shaidar farcenta. Ranar da nake aikin safe ita kaɗai take wannan tsayuwar.

Na yi magana da maigidana. Ni na riƙe wayar, ni kuma na ɓata ƙirgar farko. Gobe da azahar zan je in ba manaja sunana. Ɗakin Inna da sunanta yake, ba za a taɓa shi ba. Mu za mu nemi wani wuri, ba mu ne farkon masu tashi ba. Ba don in sa ka jin kunya na rubuta ba, don ka shirya taswirar ne.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka

Alhamis, da safe

Auta,

Sallama. Kada ki je ko'ina. Kada ki sa hannu a komai.

Na tuna ranar. Gaskiya ban taɓa mantawa ba, na dai sa wa raina cewa ɗaurin ya riƙe, kuma ban taɓa zagayawa na duba ba. Kwana ukun nan ina neman hanyar da za a yi ba tare da sunan kowa ba. Babu.

Ƙarfe takwas na je wurin manaja na rubuta rahoton da hannuna, na ajiye masa almakashin a kan tebur. Ya juya takardar haya gaba da baya, ya ce sharaɗin ɗan haya ya ambata, ni kuwa baƙo ne, iyakata in biya gyara. Ya sa hannu a takardar ƙofa. Daga nan na wuce wurin shugaban sashenmu na faɗa masa kafin ya ji a bakin wani. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya karɓi fayil ɗin daga hannuna ya ba abokin aikina, shi zai miƙa gobe, da taswirar bayan gini na shida. Na gama zana ta tun Litinin. Ni kuma zan amsa takardar tuhuma.

Ki sa hannu a sabuwar takardar goyon baya kawai. Ki ce wa Inna ta daina ba da sunanta a taro.

Yayanki

Bayan wata uku, Lahadi

Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya.

An amince da tallafin. Fitila, rumfa, daɓe da ƙofa, duk a bayan gini na shida. Sai dai aikin ba zai fara ba sai nan da wata biyar.

Ni an mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori, ƙarin girman bana kuma ya wuce ni. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma a can babu mai nemana kafin ƙarfe goma.

Saboda haka daga gobe, Litinin da Laraba da Juma'a, ni zan riƙa tsallakar da Inna har a kunna fitilar. Ki ce mata ta shirya ƙarfe bakwai. Bas zan hau, ta ƙofar baya zan shigo.

Yayanki