Ina Karan Dafin Gidanmu da Muka Ba Ku Ajiya?

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Cibiyar Binciken Amfanin Gona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yallaɓai, na biyo ta jarida ne domin na zo ofishinka ban samu ganinka ba, ƙafafuna kuma ba za su sake kai ni can ba.

Ni tsohon akawun En'e ne, ɗan gidan dukawa a Kusfa. Ba da daɗewa da samun mulkin kai ba, masu tattara iri na cibiyarku suka shigo birni, aka haɗa su da ni in yi musu tafinta. A gidanmu akwai karan dafi, wato dawar da ba don tuwo ake shuka ta ba, sai don ɓawon karanta da ake rina fata ja da shi. Namu ya fi na kowa duhun ja, kuma ba ya koɗewa.

Na farko, alkawarin. A gidanmu ba a sayar da wannan iri. Wanda aka ba zangarniya, sharaɗin shi ne ya shuka, da kaka ya dawo da wata. Mahaifina ya ƙi ba mutanenku. Suka ce za su sa shi a ɗakin sanyi, su riƙa sake shuka shi don kada ya mutu, kuma duk ranar da ɗan gidan nan ya nema za a ba shi. Da bakina na mayar masa da maganar nan Hausa. Ya ce shi bai san su ba, ni ya sani. Ya ciro zangarniya ya sa a hannuna, ni na miƙa musu.

Na biyu, abin da alkawarin ya jawo mana. Da rinin kanti ya shigo, 'yan uwa suka daina shukawa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan baffana na Ƙofar Kuyambana, kafin ya yi gini a gonarsa, ya zo takanas ya tambaye ni ko ya ajiye iri. Na ce kada ya damu, yana hannun hukuma. Sai ya rage matata Hajiya Asabe kaɗai ke shuka shi a bayan gida, ta rataye zangarniya a madafa hayaƙi yana tsare ta. Bara waccan Allah ya yi mata rasuwa. Wuta ta daina tashi a madafar, ni kuma na kwanta jinya. Da na miƙe, ƙwari sun mayar da irin gari. Wallahi ko a lokacin hankalina bai tashi ba, don ina da ku.

Na uku, zuwana. Wani jami'i mai ladabi ya ba ni kujera, ya ce injin ɗakin sanyi ya daɗe da lalacewa, ba a samu kayan gyara ba. Wani ya ce yana jin an kai wani kaso ƙasar waje, amma bai san inda za a tambaya ba. Babu wanda ya iya ce mini yaushe aka shuka shi na ƙarshe. Suka ƙunso mini sabuwar dawa gajera, wai tana ba da hatsi da yawa. Yallaɓai, ni kaɗai nake kwana a gidan nan. Me zan yi da yawan hatsi?

Na san zamani ya yi tsanani, ban ce laifinka ne kai kaɗai ba. Amma da injin ya tsaya, me ya hana a aiko mana? A lokacin Hajiya tana raye, irin yana rataye. Hayaƙinta ya tsare abin da lantarkinku ya kasa.

Roƙona, ka sa a duba. In akwai saura, ko cikin tafin hannu ne, a kawo mini kafin ruwa ya sauka. In yana ƙasar waje, ka rubuta a dawo da shi, kai za su saurara. In kuma ya mutu, ka aiko a faɗa mini a fili, in san amsar da zan kai wa mahaifina, don na kusa tarar da shi.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka sauke amanar da ke wuyanka fiye da yadda aka bar ni na sauke tawa. Na riga na sa an share filin da Hajiya ke shuka shi.

Wassalam.

Malam Iro Tafinta,
Kusfa, cikin birnin Zariya.