Ya Zaɓar Mini Mongol Don Gari Ya Yi Mini Dariya

Hajiya Saudatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin a gidana yau babu wanda zan tambayi abu in yarda da amsarsa. Ki yi haƙuri in wasiƙar ta yi ta yawo, da yatsan hagu nake danna ta.

Ni tsohon malamin tarihi ne, na yi ritaya, ina zaune a unguwar Ɗan Iya. Bara ana gab da azumi na faɗi a banɗaki, ɓarin jikina na dama ya shanye. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, baki ya ɗan miƙe, hannun ne har yanzu yake karkarwa. Wanda ya goya ni zuwa mota ranar shi ne Badruddeen, ɗan ƙanena marigayi, wanda na riƙe tun yana rarrafe. Shi ya riƙa yi mini wanka, shi ya riƙa kai ni gashi asibiti. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye alherinsa.

Mai yi mini gashin, Eunice, ɗalibata ce a da. Ita ta ce in nemi abin da zai riƙa sa yatsun nan aiki kullum. Badruddeen kuwa yana da wani wasa a laftof ɗinsa, na yaƙin daulolin da. Mutum zai zaɓi al'umma guda, a ba shi 'yan talakawa kaɗan, su sari itace, su yi noma, su haƙo zinariya, ya gina gari ya tara runduna, abokin gaba ma yana can yana nasa, babu mai jiran wani. Da na leƙa na ga Abbasiyawa da Usmaniyawa da Mali da Sin, abubuwan da na ƙare ƙuruciyata ina zanawa da alli ga su suna motsi, sai raina ya biya. Na tambaye shi wace al'umma ce ta fi sauƙi ga ɗan koyo mai hannu irin nawa.

Bai ko yi tunani ba ya ce Mongol. Ya ce ai makiyaya ne irin kakanninmu, da tumakinsu da bukkokinsu, jinina ma zai gane su. Hajiya, har ƙwalla sai da na yi don daɗin maganar. Na ce ashe yaron nan yana sauraro in ina ba shi labarin ruga.

Ya kuma ce wasa da kwamfuta ba ya koyar da komai, sai ya haɗa ni da abokansa ta intanet tun ranar farko. Ban taɓa ci ba. Mongol ɗin nan ba su da ganuwa, duk wanda ya ga dama sai ya shigo mini. Mahayansu kuma sai ka harba ka ja da baya ka sake dawowa, ni kuwa kafin hannuna ya kai maus inda nake so an gama da su. Wani lokaci yatsana ya zame in naɗe garin gaba ɗaya a kan amalanke ya kama hanya, ni ina kallo. Kullum a ƙone ni, kullum Badruddeen ya dafa kafaɗata ya ce, "Bappa, saura ƙiris, sake gwadawa." Yakan jingina wayarsa da filas ɗin shayi tana kallona, ya ce don a nuna wa Eunice yadda hannun yake samun sauƙi. Na yarda. Har gyara hula nake yi.

Ranar wata Laraba na hau keke napep zan je gashi, direban ya yi ta kallona ta madubi yana cije leɓe. Da zan sauka sai ya ce, "Bappa Mongol, yau ma an ƙone garin?" Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Na faɗa wa Eunice ina dariya, a zatona wani abokin Badruddeen ne. Sai na ga ta sunkuyar da kai. Da na matsa mata ta ɗauko wayarta ta nuna mini, ta fita ta bar ni a ɗakin.

Ba bidiyo ɗaya ba ne. An matso da hoton hannuna yana karkarwa, an sa masa kiɗa yadda zai zama kamar rawa yake yi. Akwai inda miyau ya zubo mini ban sani ba, an maimaita wurin, an ɗora kukan akuya. A ƙasa an rubuta cewa malamin tarihi ya sake shiga tarihi. A cikin masu dariyar na gane sunayen yaran da na koyar. Eunice ba ta taɓa samun ko ɗaya daga hannunsa ba, a waje ta tsince su kamar kowa.

Na kira shi. Bai musa ba. Ya ce mutane ƙaunata suke yi, in duba yawan masu kallo. Na ce me ya sa Mongol? Ya ce da ya ba ni mai sauƙi da ba za a ga abin kallo ba. Haka ya faɗa, yana duba wayarsa. Maiɗakina kuma ashe ta gani tun a wani gidan suna, ta yi shiru, wai kada jinina ya hau.

Yanzu na daina zuwa majalisa. Salla ma a sahun baya nake yi in fice. Ga shi bayan salla babba ni ne zan jagoranci zuwa nema masa auren wata yarinya, Yasmin, a Ƙofar Wambai. Zuciyata tana ce mini in ƙi zuwa, wani lokaci ma tana ce mini in ɗaga hannun nan da ya yi wa dariya in yi masa baki. Sannan, ki yi mini uzuri, har yanzu ina son wasan. Wace al'umma ce ta dace da ni a gaskiya? Ina so in koya a ɓoye, in zaunar da shi in ƙone garinsa ko sau ɗaya.

Naki,
Tsohon Malami, Ɗan Iya

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da wasan, tunda na san shi, mun sha buga shi da maigidana lokacin kullen korona. Yaron nan ya san abin da yake yi. Mongol suna cikin mafi wahala, na masu saurin yatsu ne waɗanda suka daɗe a ciki. Ka ɗauki Ingilishi, wato Turawan Ingila. Na san malamin da ya yi shekaru yana koyar da yadda suka ci ƙasar nan ba zai so jin haka ba, amma a wasan su ne masu haƙuri da ɗan koyo: gonarsu ba ta da tsada, maharbansu daga nesa suke aiki, garinsu yana kare kansa kafin ka juyo. In sun gundure ka, ka koma Faransawa, ka tara mahaya ka tura su gaba ɗaya. Mali za ta ja ranka saboda shanu da zinariya, ka bar ta tukuna. Ka yi wasa da kwamfuta a matakin da ya fi sauƙi, ka rage gudun maus, kada ka daina fitar da talakawa masu aiki, ka tsayar da wasan duk lokacin da hannu ya gaji.

Amma ba zan yi maka irin ƙaryarsa ba. Ba za ka ci Badruddeen ba, Baba. Ko da Ingilishi, ko bayan shekara. Yatsunsa na saurayi ne, naka suna jinya. In ka zaunar da shi don ramuwa, sabon bidiyo kawai za ka ba shi. Haka kuma waɗancan bidiyoyin ba za su ɓace duka ba ko ya goge nasa, sun riga sun shiga wayoyin mutane. Gara ka ji wannan daga bakina.

Abin da ya yi zalunci ne, kada kowa ya ce maka yarinta ce. Wanda ya isa aure ya isa sanin cewa miyan bakin majinyaci al'aura ce. Ya yi maka ƙarya da sunan kakanninku, ya yi maka ƙarya da sunan likitarka. Duk da haka, shi ne dai ya goya ka, shi ya wanke ka lokacin da babu mai kallo balle ya yaba masa. Jinya tana gajiyar da mutum, wasu kuma gajiyarsu da mugunta take fita. Wannan ba uzuri ba ne, dalili ne da zai hana ka yanke shi gaba ɗaya.

Kada ka yi masa baki. Maraya ne a hannunka, in bakin ya kama shi kai ne za ka fara kuka. Kada kuma ka fasa auren, Yasmin ba ta yi maka komai ba. Ka ɗage zuwan kawai. Ka kira wani babba a danginku, a zaunar da shi a kunna bidiyon miyan nan a gaban kowa, shi ma ya kalla har ƙarshe ba tare da kukan akuyar ba. Ya goge abin da ke hannunsa, ya fito da fuskarsa a wurin da ya tozarta ka ya faɗi abin da ya aikata. In ya yi, ka je Ƙofar Wambai. In ya ƙi, ka ce wa iyayen yarinyar ba za ka iya ba da shaidar yadda zai riƙe mara lafiya ba, domin gaskiyar ke nan.

Hajiyarka tsoro ne ya rufe mata baki, ka faɗa mata shirun ya fi ciwo, ka wuce wurin. Majalisa kuma ka koma gobe. Za a yi maka kallon kwana biyu, wani ma ya kira ka da sunan nan. Ka amsa sallamarsa ka zauna a inda ka saba zama. Ba kai ne ya kamata ka koma sahun baya ba.

Allah ya ƙarfafa hannun, ya shiryi Badruddeen, ya sanyaya maka zuciya.

Saudatu