Na Ƙarasa Littafinki, Turai

Zuwa ga Turai,

Assalamu alaikum. Ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Na san babu mai kai miki wannan takarda, ko an kai ma ba za ki karanta ba. Amma shekara talatin da huɗu duk abin da na gani ke nake gaya wa, bakina bai saba da wani kunne ba.

Labarin gida ba shi da yawa. Council, hukumar unguwarmu a nan London, sun canza mana tagogi, ƙarar jirgin ƙasa ta ragu. 'Yarmu Nafisa ta samu ƙarin girma a asibiti, kuma har yanzu ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci. Hajiya Memuna, 'yar Ghanar nan mai doya a kasuwar Deptford, takan ware mini mai kyau kamar yadda take yi miki, duk da ta san ban iya dakawa ba. Ƙarshen wata zan bar flat ɗin nan in koma wajen Nafisa. Gwiwata ta ƙi bene.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne na ƙarasa littafinki. Wanda kika zo da shi daga Zariya tun kina koyar da Turanci, na Baturiyar nan da ta daɗe da rasuwa, mai yagaggen bango da kika manne da salatif. Babi huɗu suka rage mana ranar da aka mayar da ke asibiti. Wata bakwai yana gefen gado ban taɓa shi ba. Makon jiya Nafisa ta zo da kwalaye, ta ce mu kai littattafanki shagon da ke karɓar kayan sadaka. Na ce ta ba ni kwana bakwai.

Bari in fara da ƙaramin laifi. Lokacin da ciwon suga ya ci miki ido nake karanta miki bayan la'asar, ina tsallake shafuka. Duk inda matar ta shiga bayanin hazo da bishiyoyi da dogayen barandar gidan, sai in juya biyu biyu. Wata rana kin ce hazon yau ya yi saurin washewa. Na yi kamar ban gane ba.

Wannan karon daga farko na soma, ban bar ko layi ba. Kin fi ni gaskiya, littafi ne. Da ina ce miki labarin aljanun Turawa ne, ashe babu aljani ko ɗaya a ciki. Yarinya ce aka ɗauka aikin kula da wata tsohuwa a wani ƙaton gida can bayan gari, inda motar haya ba ta zuwa sai sau ɗaya a mako. Kowa a gidan yana girmama ta. Ana ba ta shayi a kan lokaci, ana tambayar yadda ta kwana. Duk da haka mai karatu na jin wani abu yana matse masa ƙirji, ya rasa daga ina. Bayanin da nake tsallakewa, a nan tsoron yake. Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa bas a Old Kent Road, na san direban ƙwarai shi ne wanda yake taka burki fasinja bai ji ba, sai dai ya ga an tsaya. Haka matar nan take rubutu.

A babi na biyu kafin ƙarshe, yarinyar ta buɗe wata durowa tana neman allura, sai ta tarar da wasiƙun gidansu da take ta jira, an ɗaure su da zare. Ɗan tsohuwar ne ya ɓoye. Ba mugu ba ne, tsoro yake kada ta tafi. A gefen shafin akwai rubutun fensir da ya koɗe, hannunki na lokacin da idonki ke gani sarai. Kin rubuta cewa taki wasiƙar a aljihun baƙar kwat take.

Na ajiye littafin na je na yi alwala, alhali ba lokacin salla ba ne.

To ga maganar, tunda ban taɓa faɗa da bakina ba. Shekararmu ta biyu a London, kina da cikin Nafisa wata bakwai, wasiƙar yayanki, Yaya Hamisu, ta zo cewa jikin Inna mahaifiyarki ya yi tsanani, tana kiran sunanki. Ni na tsince ta a bakin ƙofa zan fita aiki. Na karanta a cikin bas, na sa a aljihun kwat. Na ce wa kaina likita ba zai bar ki hawa jirgi ba. Wataƙila haka ne, amma ban tambayi likita ba. Abin da na sani shi ne a lokacin kin tsani garin nan, kullum kina bakin taga, na kuma tabbata in kika tafi ba za ki dawo ba. Bayan kwana goma sha tara wasiƙa ta biyu ta zo da labarin rasuwa. Ita na miƙa miki. Kin yi ta tambaya me ya sa ba wanda ya sanar da ke tana jinya, har kika yi shekara ba ki rubuta wa Yaya Hamisu ba. Ina zaune ina kallo.

Yaushe kika gani? Ranar da kika kai kwat ɗin wanki? Me ya sa kika ci gaba da zuba mini tuwo ba ki ce komai ba? Da kika zaɓi wannan littafin cikin duk littattafanki kika ce in karanta miki, so kike in kai shafin nan kina raye, ko kuwa shi ne dai kawai wanda kika fi so?

Sauran littattafan matar guda biyar da ke kan kanta duk na sauko da su, ina neman ko kin bar wani rubutu. Ban samu komai ba sai ma'anar kalmomi da Hausa, da wani shafi da kika rubuta albasa da man gyaɗa. Garin nema sai na karance su. Na masu jirgin ruwa ya yi mini tsawo. Wanda ta rubuta da tsufa ya fi sanyi, kamar ta daina son tsorata mutane. Gajerun labaran ne suka fi kama ni, musamman na mutumin da ya koma unguwarsu bayan shekaru kowa ya gaishe shi da sunan wani. A duka, ba ta yanke wa kowa hukunci. Takan nuna abin da mutum ya yi da abin da ya gaya wa kansa, ta bar ka da su. Ina jin shi ya sa kika jure ta tsawon rai.

Ranar Lahadi na gaya wa Nafisa. Na zaci kin taɓa faɗa mata, ashe ko ita ba ta sani ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Sai ranar Laraba ta dawo da miyar kuka a roba, ta ce da Hausa in ci tun da zafi. Ba ta tada maganar ba. Jiya na kira Yaya Hamisu a waya, ya tsufa, sai da na maimaita sau biyu. Ya ce ke kin nemi gafararsa tun tuni, kin ce wasiƙar ɓata ta yi a hanya.

Kin rufa mini asiri har a wajen ɗan'uwanki, Turai. Ban nemi yafiyarki ba lokacin da za ki iya amsawa, yanzu kuma sai dai in roƙi Allah ya isar miki da saƙon. Ki yafe mini. In an haɗa ku da Inna, ki gaya mata ba ki ƙi zuwa ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa Aljanna ce makomarki. Sai na zo.

Mijinki,
Sabo